Cikin da Muka Ɓoye

Auta ba ta gaya mini tana da ciki ba, ni na gani da idona. Muna canja kaya a ɗan ɗakin da ke bayan injinan wanki, ta ɗaga hannu za ta cire rigar aiki, sai na ga ta naɗe cikinta da tsohon zanin gado, ta ɗaure shi tam ta gefe. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Wata nawa?" na ce.

"Yaya, rage murya."

"Na ce wata nawa?"

"Ya wuce rabi."

Ni na raine ta tun rasuwar mahaifiyarmu. Tana goye a bayana na koyi girki. Ni ce kuma na kawo ta wannan aiki, lokacin da mijinta ya yi haɗari da babur ya karye a ƙugu, ya zauna a gida.

Kamfanin wanki da guga ne. Otal-otal ke aiko mana da zannuwan gado da tawul da rigunan filo, mota ta kawo masu datti da safe, ta kwashi gogaggu da yamma. Ni ina ɓangaren wanki. Auta tana ɓangaren guga, inda akwai wani dogon inji mai zafi da ake cusa wa zani ta gaba ya fito ta baya a goge. Mata biyu ke tsayawa, kowacce ta riƙe kunne ɗaya na zanin, su ja, su miƙa wa injin. Haka ake yini a tsaye cikin tururi. Tagogin suna can sama kusa da rufi, ba a buɗe su don kar farin kaya ya ɓaci. Ƙofar waje kuma da mun shiga ake kulle ta, tun shekarar da aka ce tawul suna ɓacewa. Makullin yana rataye a wuyan Madam, mai kula da mu.

Ba a taɓa cewa mai ciki ba ta aiki ba. Sai dai duk wadda cikinta ya fito kafin a tabbatar da ita a matsayin ma'aikaciyar dindindin, Madam za ta kira ta ofis, a yi mata magana mai daɗi, a ce ta je ta huta, in ta sauka lafiya ta dawo. In ta dawo za ta tarar da wata a wurinta. Wadda aka tabbatar kuwa tana da hutun haihuwa, wurinta na jiranta. Sau ɗaya a shekara Manaja ke zuwa ya zagaya, ya dubi waɗanda suka daɗe, ya zaɓa. Auta na cikin waɗanda ake sa ran zai zaɓa, zuwansa kuma ya ƙarato.

Ranar hutu na je gidansu. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Mijin nata, Dogo muke ce masa, yana zaune a bakin gado, sandarsa jingine da bango.

"Yaya, gara da kika zo," ya ce. "Ki yi mata magana. Na ce ta ajiye aikin nan, ta ƙi. Allah ba zai hana mu abin da za mu ci ba."

"In ajiye mu dafa sandarka?" in ji Auta, tana wanke kwanuka a ƙofa.

"Kin ji ta ko? Haka nake fama."

"Ni ba aikin ne ya dame ni ba," na ce. "Ɗaurin nan ne. Ki kwance shi, yaro ya samu wurin juyawa."

Ta ajiye soso, ta goge hannu a zaninta, ta shigo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu.

"Mamarsa ta ce in koma wajenta in zauna har in haihu. Shi ya ce in ajiye aiki. Ke kin ce in kwance. Madam in ta ji za ta ce in je in huta. Kowa da ta cewa a kan cikin nan. Ni da nake ɗauke da shi ba wanda ya tambaye ni."

"To, na tambaye ki," in ji Dogo a hankali. "Me kike so?"

"Ina so in haihu, in kuma samu wurin komawa. Duka biyun. Ya yi yawa ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana murza gwiwarsa. Daga baya na ce to, amma sai ta je awo. Ta ce ta yarda.

Hutun da ya biyo baya muka je asibiti tare. Matar da ke bakin tagar yankar kati ta ce ba ranar awo ba ce, masu ciki ranarsu daban, kuma da sassafe ake zuwa a bi layi. Na ce mata ranar muna wurin aiki. Ta ce to ta nemi izini mana. Muka dubi juna ni da Auta. Duk garin an san ranar awo. Macen da ta nemi izini a wannan safiyar ta gama gaya wa Madam komai. Muka fito, muka sayi lemo a bakin titi, muka sha a tsaye.

"Bari Manaja ya zo ya wuce," in ji ta. "Washegari da kaina zan kwana a bakin tagar nan."

A wurin aiki kuwa ba a daɗe ba kowa ya sani, ban da ofis. Mata ba sa ɓoyuwa ga mata a ɗakin canja kaya. Inna, babbarmu, wadda ke ninke kaya, ta ba Auta rigar aikinta mai faɗi. Amarya, yarinyar da suke riƙe zani tare, ta koyi ɗaukar nauyin kwandon ita kaɗai ba tare da an lura ba. Rediyo kuma, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ce mai gadi. In ta hango Madam tafe sai ta ɗaga murya ta fara faɗa da injin, mu kuwa mu gane.

"Auta, in namiji ne ni zai aura," takan ce. "Na gaji da tsofaffi."

"Da wane haƙorin za ki yi masa murmushi?"

"Zan ara na Inna, tana da guda biyu."

"Ku ci gaba," in ji Inna, "duk za ku zo inda nake."

Ƙafafun Auta suka fara kumbura. Amma a wurinmu ƙafar wa ce ba ta kumbura? Wadda ta yini a tsaye gaban injin nan, da yamma silifas ba ya shigarta. Lokacin hutun rana mukan jera bokitai da ruwan ɗauraya mai sanyi, mu zauna a kan kwanduna mu tsoma ƙafa. Auta ta ce kanta na sarawa. Kan kowa na sarawa, ƙarar injinan kaɗai ta isa. Akwai ƙwayar ciwon kai a aljihun kowace riga, mukan ba juna kamar alewa. Ta ce tana ganin wasu ƙyalƙyali a idonta. Inna ta ce farin zani ne, ita ma haka ta yi ta gani a shekararta ta farko. Mai jiri kuma muna da maganinta, ruwa da gishiri da ɗan sukari a kofi, saboda zufar da muke zubarwa. Inna ta riƙa haɗa wa Auta nata da gishiri mai yawa, wai tana zufar mutum biyu.

Zoben aurenta ya matse yatsa har sai da muka cire shi da sabulu. Fuskarta ta cika.

"Kai, ciki ya karɓe ki," in ji Rediyo. "Dubi kumatu. Ni nawa duk ramewa na yi kamar tsintsiya."

Auta ta yi dariya, ni ma na yi. Da gaske ta yi kyau a kwanakin.

Akwai wani abu da muke yi in zafi ya kayar da mace. Ba ma kiran ofis, don wadda aka san tana faɗuwa ba a tabbatar da ita, a ce ba ta da ƙarfin aikin. Sai mu ɗauke ta mu sa a keken da muke tura kaya, mu rufa mata zani, mu tura ta sito, inda ake jibge gogaggun kaya. Can ya fi sanyi, ba mai shiga kafin yamma. A yayyafa mata ruwa, a ba ta kofin gishiri, ta ɗan kwanta, ta dawo bakin aiki kamar ba a yi ba. An yi wa Rediyo, an yi mini. Ba wadda ba ta tashi ba.

Ranar da Manaja zai zo, an sa mu wanke ƙasa tun kafin mota ta iso. Madam ta sa sabuwar riga. Ta ce kowa ya tsaya a wurinsa, ba fita ban ɗaki, ba zama, har ya gama zagaye. Da safen Auta ta ce mini ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama na yi mata ciwo, kamar an ɗora dutse. Na ce ɗaurin ne. Ta ce yau kaɗai ya rage, ta ƙara jan zanin.

Manaja ya iso wajen tsakar rana, ya fara ta ofis. Ina kwashe tawul daga inji sai ga Rediyo a bayana, ba faɗa, ba waƙa.

"Kar ki ɗaga murya," ta ce. "Auta ta ɗan zame. Mun kai ta sito. Inna ta tsaya a wurinta."

Na bar tawul ɗin a ƙasa. A sito na same ta kwance a kan tulin zannuwa, tsakanin kantar kaya biyu masu tsawo har rufi. Idonta biyu. Amarya na durƙushe da kofi a hannu.

"Yaya ce?" in ji Auta.

"Ni ce. Ba ki gan ni ba?"

"Kamar hayaƙi nake gani. Zai wuce."

"Tashi mu tafi asibiti."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Yatsunta sun yi taushi kamar an hura su.

"Ya shigo ɓangarenmu?"

"Yana ofis."

"To ki bari in ɗan huta in koma kafin ya zo. In ya tarar ba na nan, shi ke nan. Duk wahalar nan ta tashi a banza."

"Auta, wannan ba irin namu ba ne."

"Yaya, don Allah. Jikina ne, ni nake jin sa. Ki bar ni in kai ƙarshe. Sau ɗaya dai a bar ni."

Na zauna kusa da ita. Na kwance ɗaurin, ba ta hana ni ba. Cikin ya fito, zanin ya bar masa layi-layi ja. Na sa tafin hannuna, na ji yaro ya motsa. Ta bango muna jin ƙarar injin guga, da muryar Madam tana dariyar da take yi wa manya kawai. Amarya ta ɗago mata kai ta ba ta kofin, ta kurɓa. Auta ta ce ta ji dama. Ta ce a miƙo mata rigarta.

Tana ƙoƙarin zama ne bakinta ya karkace. Idanun suka juye, jikinta ya sandare, sannan ya fara jijjiga, ƙafafunta na dukan kantar kaya har zannuwa suka zubo mana a kai. Jini ya fito gefen bakinta, ta ciji harshe. Amarya ta saki kofin ta ja da baya tana salati.

Ban san lokacin da na fita ba. Na dai gan ni a tsakiyar ɓangaren guga ina ihu, ga Manaja da hannu a aljihu, ga mata a jere kowacce riƙe da kunnen zani.

"Makulli! Madam, makulli! Ƙanwata za ta mutu!"

"Wace ce wannan?" in ji Manaja.

Madam ba ta tambaye ni me ya faru ko a ina ba. Kai tsaye ta nufi sito da gudu, tana ciro igiyar daga wuyanta.

Motar kaya ba ta dawo ba tukuna. Manaja ya tsaya yana tambayar me ya sa ba a gaya masa ba, sai da Rediyo ta ce masa, "Ranka ya daɗe, tambayar ta jira, motarka muke so." A keken kaya muka tura ta har ƙofa. Makullin ya ƙi juyawa a hannun Madam, maigadi ya karɓa ya buɗe. A kujerar baya ta motar Manaja na rungume kanta, Rediyo na riƙe da ƙafafunta. Kafin mu isa ta sake jijjiga.

A asibiti wata nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta sake dubawa, ta ƙwala wa likita kira. Aka shige da ita. Nas ɗin ta dawo wajena.

"Ina katin awonta?"

"Ba ta da shi."

"Ciki ya kai haka ba awo? Ba ku ga ƙafafunta ba? Ba ku ga fuskarta ba?"

"Mun gani."

"Kun gani kuka zauna?"

"Duk haka namu suke," na ce. Na cire silifas na nuna mata. Ta dubi ƙafata, ta dubi ta Rediyo, ta juya ta koma ciki.

Likita ta fito ta ce hawan jini ne na masu ciki, ya daɗe yana cinta, ya taɓa hanta da ƙoda. Ta ce sai an ciro yaron yanzu. Dogo ya iso a bayan babur ɗin maƙwabci, yana dogara sanda, ya ce a yi duk abin da za a yi.

Muna zaune a kan benci Madam ta zo ta zauna kusa da ni. Sabuwar rigarta ta ɓaci da jini a kafaɗa.

"Na sani," ta ce. "Tun kafin ku ba ta rigar Inna na sani."

Na juyo na dube ta.

"Na haifi huɗu, kina zaton ba na gane tafiyar mai ciki? Kau da kai nake yi. In na nuna na gani, dole in kai sama, in na kai sama kin san sauran. Na ce bari in yi shiru har a tabbatar da ita. Sunanta na fara ba shi yau."

"Da kin ce mata ta je awo."

"In na ce mata, na sani ke nan."

Na so in zage ta, na rasa ta inda zan fara. Muka ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa.

Mace aka ciro, ƙarama, tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Aka sa ta a kwalbar da ake sa bakwaini. Auta kuwa ba ta farka ba. An bar ni na shiga na gan ta, da roba a hanci da baki. Na gaya mata mace ce, na ce Rediyo ta yi asarar miji. Na ce Madam ta ba da sunanta. Ban sani ba ko ta ji. Da hantsi, kwana biyu bayan haka, ina goge mata goshi, nas ta dafa kafaɗata ta ce in fita in kira mijin.

Yarinyar ta rayu. Tana wajen kakarta da rana, da yamma in biya in gan ta. Dogo ya samu aikin zama a wani shago. Ba ya son a ambaci gidan wankin a gabansa, ni kuma ban da inda zan je in ba can ba. Na koma bayan an share makoki. Inna ba ta dawo ba, an ce ko gishirin miya ba ta iya taɓawa sai ta yi kuka.

Manaja ya tara mu, ya yi ta'aziyya, ya ce kamfani ba zai bari irin wannan ta sake faruwa ba. Muka yi zaton za a ce an ba da ranar awo, ko za a buɗe ƙofa. Sai ya ce daga yanzu duk farkon wata wata nas za ta zo, kowace mace ta ba da fitsari a gwada, don lafiyarmu. Wadda aka samu da ciki za ta je gida ta huta.

Haka ake yi yanzu. Mukan jera a bakin ban ɗaki da 'yan kwalabe a hannu, tun daga masu jikoki har 'yan mata.

"Ni in aka samu ciki a nawa, a kama maigadi," in ji Rediyo. Ba wanda ya yi dariya sosai.

Watan jiya ina cikin layi na ji an taɓa gwiwar hannuna. Amarya ce. Tun ranar sito ba ta iya haɗa ido da ni. Ta matso har ina jin numfashinta a wuyana.

"Yaya," ta ce, yadda Auta ke kirana. "Ki taimake ni da naki fitsarin."

Ban juya ba.

"Mijina ba ya aiki. Ƙannena biyu ni ke riƙe da su. Saura kaɗan Manaja ya zagayo."

"Kin ga abin da ya faru da idonki."

"Na gani. Ni na ba ta kofin. Amma in aka kore ni yau, ina zan je?"

Layi ya matsa gaba. Saura mace ɗaya a gabana. Nas na zaune a kan kujera tana danna waya, Madam na tsaye a bayanta, ta juya fuska tana kallon injinan. Na ji Amarya ta tura kwalbarta cikin aljihun rigata, hannunta sanyi ƙalau cikin wannan zafi. Ina iya ciro ta in mayar mata. Na tsaya ina jin nauyinta a aljihu, abin da bai kai nauyin cokali ba.

"Ta gaba," in ji nas.

Na shiga na ja ƙofar, da kwalba biyu.